Sai Na Raba Ta da Ɗanta

Zakiyya na durƙushe a tsakar gida tana wanke shinkafa ta ji mararta ta ɗaure kamar an ja igiya. Cikinta na fari ne, ya shiga wata na bakwai. Da ta yunƙura za ta miƙe sai ta ga jini yana bin ƙafarta. Ta ƙwala wa mijinta kira.

Mainasara ya shigo da gudu daga ɗan shagon da ke ƙofar gida. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ta so tun suna sakandare a Yelwa. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan Inna Ladidi, sauran duk ta binne su suna ƙanana. Shi ya sa ta riƙe shi kamar ƙwai. Ita ke zaɓa masa rigar da zai sa, ita ke cire masa ƙayar kifi, makullin mashin ɗinsa ma a haɓar zanenta yake kwana. Ranar kuwa Inna ta tafi bikin suna a Shanga, da makullin a jikinta.

"Yaya, ka kai ni asibiti," in ji Zakiyya.

Ya zaro waya ya kira Inna. Babu netwok. Ya sake kira.

"Plis ki ɗan daure. Inna ta ce kar a kai ki ko'ina sai ta dawo. Bari dai mu ji ta bakinta."

Ta roƙe shi ya tare ko da ɗan kabu-kabu ne. Ya je ƙofar gida, ya dawo, ya sake komawa, yana hawaye yana danna waya. Sai da wata maƙwabciya ta ji nishinta ta shigo ta nemo mota. Kafin su isa lokaci ya ƙure. Namiji ne, bai zo da rai ba.

Da Inna ta iso asibiti da la'asar, tambayarta ta farko ita ce ko Mainasara ya ci abinci. Sannan ta ce ai ƙaddara ce, kuma yaran zamani ba su da juriya. Zakiyya ta juya fuskarta bango. Ba ta yi kuka ba. A ranta ta ce: wallahi sai na raba matar nan da ɗanta, ta ji abin da na ji.

Da ta je gida jinya, mahaifinta ya so a kashe auren. Ta ƙi. In ta fita, Inna ce ta ci nasara, gobe ta samo wata ta ajiye a ɗakin. Ga shi kuma har yanzu tana son Mainasara, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Ta koma ɗakinta da fara'a, kowace safiya tana durƙusawa har ƙasa ta gaida surukarta.

A hankali ta fara aikinta. Sai ta shimfiɗa masa riguna biyu ta ce ya zaɓa, ko zai wuni yana kallonsu ba za ta sa baki ba. Ta sa shi ya yanko wani makullin mashin a kasuwa. In ya ce bari ya tambayi Inna, sai ta kalle shi ido cikin ido ta ce, "Kai fa, me ka gani?" Ranar da ya je bakin ruwa ya yi cinikin kifi shi kaɗai, ya dawo yana murna kamar yaron da ya ci jarabawa. Ta yaba masa har ya ji kunya. Daga nan ta haɗa shi da kawunta Bashiru, mai gyaran injin jirgin ruwa a Warra, wanda ke neman wanda zai koya wa sana'ar.

Ranar da Mainasara ya tsaya gaban Inna ya ce ya yanke shawara za su koma Warra, muryarsa na rawa, amma bai janye ba. Inna ta yi kuka, ta yi birgima, ta ce ruwa zai cinye mata shi. Zakiyya na bayan labule tana jin wani sanyi yana sauka a ƙirjinta. Da aka gama ɗora kaya a mota ta je sallama, ta durƙusa kamar kullum, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kin raba ni da ɗana. Yau ki ɗanɗana."

A Warra Mainasara ya zama wani mutum. Hannunsa ya yi kanta, farcensa ya yi baƙi da mai, masu jirage suka san sunansa. Allah ya ba su 'ya mace, Barakatu. Zakiyya ba ta huce ba. In Inna ta kira, waya ba caji. In ta aiko da busasshen kifi da kayan jarirai, sai Zakiyya ta rabar wa maƙwabta. Kowace Sallah da uzurinta: yau yarinya na mura, gobe hanya ba kyau. Da ta ji labarin tsohuwar ta rame, idonta ya fara dusashewa, sai ta ce Allah ya sawwaƙe a baki, a ciki kuwa ta ce da saura.

Barakatu kuwa ko ƙuda Zakiyya ba ta yarda ya sauka mata. Yarinya ta kai shekara biyar ana ba ta abinci a baki, ana goya ta. Ba ta leƙa zaure, don tafki na kusa. Ba ta wasa da yara, don kar su ture ta. Takalmi ma sai an sa mata.

Wata rana da hantsi Mainasara ya dawo ɗaukar wani ƙarfe, Zakiyya na bayi tana wanka. Ya tarar da Barakatu zaune kan tabarma, cinnaku sun yanyame ƙafafunta suna cizo, hawaye na zuba, amma ba ta motsa ba. Ya sure ta yana kaɗe su, ya tambaye ta me ya hana ta tashi.

"Umma ta ce kar in sauka sai ta fito."

Ya daɗe tsaye da yarinyar a kafaɗa. Da Zakiyya ta fito ya gaya mata, ba da faɗa ba, cewa zai sa Barakatu a Islamiyyar unguwa, za ta riƙa tafiya da ƙafarta tare da yara. Ranar kasuwa kuma zai je Yelwa ya ɗauko Inna.

Zakiyya ta yi kansa. Ta tuna masa jinin da ta zubar, ta tuna masa kabarin ɗansu, ta ce in ba don ita ba da har yanzu ana cire masa ƙaya.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Kuma na san don ki ƙona Inna kika yi. Tuntuni na sani, na yi shiru, don ni ne na tsaya ina danna waya ranar nan, haƙƙinki na wuyana. Na ce watarana za ki huce. Amma wannan zaman da na ga 'yata ta yi, na san shi, Zakiyya. Na yi shi shekara da shekaru. Ba za ta yi shi ba."

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana. Bai fasa gaishe ta ba, bai kuma fasa abin da ya ce ba.

Inna ta zo da sanda, ta tsufa fiye da yadda Zakiyya ta zata. Zakiyya ta ajiye mata abinci ta juya, ba gaisuwa. Ta jira ta ji daɗin ganinta haka, daɗin bai zo ba.

Washegari yaran unguwa suka yi sallama a zaure suna kiran Barakatu su tafi Islamiyya. Yarinyar ta sa takalmi a karkace, na dama a hagu, ta waiwayo tana neman izini. Mainasara ya gyaɗa mata kai, ta fita. Zakiyya ta fizgi hijabi za ta bi bayanta, sai ta ji busasshen hannu ya riƙe mata tsintsiyar hannu.

"Zamna, ɗiyata," in ji Inna. "Na san abin da ke cin ƙirjinki. Ba ya kisa. Ni na biye mashi, ga jikana nan cikin ƙasa. Ki gafarce ni, ko ba yau ba."

Zakiyya ta so ta ƙwace, ta kasa. Ta zube gefen tsohuwar, kukan da ta hana kanta a asibiti ya ƙwace mata. Haka suka zauna suna kallon ƙofa har rana ta take.

Barakatu ta dawo da ƙura har gira, gwiwarta a kurje. Zakiyya ta zabura tana tambayar wa ya ture ta. Yarinyar ta yi dariya ta ce ba kowa, gudu ta yi ta faɗi, kuma da kanta ta tashi.

A ranar Zakiyya ta gane cewa ramuwa ba ta dawo mata da ɗanta ba, sai ma ta mai da ita irin matar da ta tsana. Haƙurin mijinta ne ya ceci gidan. Duk uwar da ke son ɗanta da gaske, ta sake masa hannu tun yana ƙarami, ta bar shi ya zaɓa, ya faɗi, ya tashi, domin akwai ranar da za a kira ta a waya ba za a same ta ba.