Sha Bakwai ga Watan Uku

Ƙarfe tara na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Wani dattijo mai gyaran agogo ya rasu a ƙaramin asibitin kuɗi na bayan kasuwa, minti ashirin bayan an yi masa allura. Nas ɗin da ta yi allurar ta ce bari ta ɗebo ruwa, tun daga nan ba a sake ganin ƙeyarta ba.

Kafin sha biyu Saje ya bi suna da lambar lasisin da ke fayil ɗinta, ya kamo ta a babban asibiti, tana tsakar wanke wa wani ciwo. Sai washe baki yake. Sufeto kuwa bai taɓa yarda da aikin da ya zo da sauƙi haka ba.

Ya tura mata takarda. "Sista, wannan sunanki ne?"

"Sunana ne, Yallaɓai."

"Lambar lasisin fa?"

"Tawa ce. Amma wallahi ban taɓa taka wurin nan ba. Shekarata sha ɗaya ina aiki, ko sau ɗaya ban gudu na bar marar lafiya ba."

Saje ya leƙo. "Oga ya ce gobe da safe a kai ta kotu. 'Ya'yan mamacin sun cika ƙofa."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Rabin yini ke nan ya rage masa.

Mai asibitin ya tarbe shi da gumi, duk da fanka na juyi a kansa. Sufeto ya nuna masa hoton Sista a waya.

"Ita ce! Ita ce sak!"

"Ka taɓa ganin fuskarta?"

"To... kullum da takunkumi take. Ka san aikinmu."

"Wata huɗu tana nan, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabanka ba? Da ka ɗauke ta aiki, ka tuntuɓi masu ba da lasisi?"

Mutumin ya shiga gyara birukan da ke kan tebur. Ya samu nas mai arha ne, ya rufe ido.

A fayil ɗin nas ɗin akwai kwafin katin shaida, hoton ya yi baƙi ƙirin, sai kwafin lasisi da fom ɗin neman aiki da aka cike da hannu. Sufeto ya jera su, yana bi da yatsa layi-layi. Ya tsaya. Katin ya ce an haife ta ɗaya ga watan ɗaya. Fom ɗin ya ce sha bakwai ga watan uku.

Ɓarawon da ke kwafa daga kati ba ya ƙirƙiro rana daga kansa.

Ya koma ofis, ya sa aka fito da Sista.

"Yaushe aka haife ki?"

"Ɗaya ga watan ɗaya."

"Wannan a takarda ke nan. Me ya faru ran sha bakwai ga watan uku?"

Ya ga yadda ta damƙe gefen kujera. "Ban sani ba," in ji ta, tana kallon bango. Tun safe sai yanzu ta yi masa ƙarya, kuma ko iya ta ba ta yi ba. Tausayinta ya kama shi.

Gidan mahaifiyarta ɗaki biyu ne a saman bene. Tsohuwar ta ba shi kujera.

"Mama, yaushe kika haifi babbar 'yarki?"

"Sha bakwai ga watan uku. Magatakardan makaranta ne ya rubuta shirmensa, muka gaji da zirga-zirgar gyara, muka bar shi."

"Wa ya san haka?"

"Mu 'yan gida mana. Wa zai..."

"Ina takardunta suke?"

"A akwatina, ƙarƙashin gado. Makullin yana rataye a ƙusa. Ai gida ne, ɗana, wa za a ɓoye wa?"

"Ku nawa ne a gidan?"

"Ni da Auta. Ta yi tafiya tun makon jiya."

Sufeto ya kalli bakin ƙofar ɗaki. Fararen takalman roba na nan a jingine, ruwan wanki bai gama tsanewa daga jikinsu ba. Ya ɗaga murya.

"To, Mama, gobe ƙarfe takwas za a gurfanar da babbar 'yarki kan kisan kai. Ki kai mata kayan sawa."

Ƙofar ta buɗe. Yarinyar ba ta wuce ashirin da uku ba, goshi da idanu duk na yayarta.

"Ni ce. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar ƙarshe ta makarantar koyon aikin nas. Na iya aikin, wallahi na iya. Na ce aron sunan Yaya kawai zan yi, ba abin da zai rage ta da shi."

Tsohuwar ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

A barandar ofis suka haɗu, Sista an miƙa mata jakarta, Auta da ankwa a hannu. Sufeto ya yi zaton mari. Sista ta tsaya dai ta ƙura mata ido.

"Nawa kika zuƙa a sirinjin?"

"Goma, Yaya. Haka likita ya rubuta."

"Ɗaya ne. Ɗaya, ɗigo, sifili ya rubuta, an nuna min takardar." Ta dafa aljihun rigarta. "Wayata na aljihuna, Auta. Da kin kira ni, da na gaya miki."

Saje ya taɓa kafaɗar yarinyar, suka wuce ciki.