Ƙwan da Ba Shi da Ɗumi

Ruwan marka ya ɗauke ke nan, ladanin unguwar Malali yana gyaran murya zai kira magariba, Malam Datti kuma yana tsugune a tsakar gida yana alwala, sai dutse na farko ya faɗo. Da daga bayan katanga aka jefo shi, da sai a ce ɓarnar yaran unguwa ce. To ba daga waje ya zo ba. Daga cikin gidan ya taso, ta wajen sito, ya ratsa saman igiyar shanya, ya sami farin ƙwan lantarkin da ke maƙale a baranda, tas! Ɓaraguzan suka watsu a kan siminti.

Turai, 'yarsa tilo, tana wanke shinkafa a bakin famfo. Ta ɗago a firgice, ruwa na tsiyaya daga hannunta.

"Baba, wa ya yi jifa?"

"Shiga ciki," in ji shi, bai ko ƙarasa wanke ƙafa ba.

Ya ɗauki dutsen ya duba. Ɗan ƙarami ne, a bushe ƙamas, alhali komai na tsakar gidan a jiƙe yake sharkaf. Kuma sanyi gare shi kamar an ciro shi daga randa.

Malam Datti ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari, irin waɗanda ko banɗaki za su zaga sai sun kashe fanka. Matarsa Mero ta rasu gab da faɗuwar damina, ta bar shi da Turai mai shekara goma sha biyar. Yayarsa, Goggo Tani, ita ta taso daga Katsina ta zo riƙe musu gida.

Mero mai kiwon kaji ce. A siton bayan gida take ajiye 'yan tsakinta cikin kwali, ta rataya musu jan ƙwan lantarki a kai, irin na da mai zafin nan, don ya riƙa ɗumama su. Kullum da magariba za ka hange ta a sunkuye cikin wannan jan haske. Tana da wata ɗabi'a da mijinta ya sha yi mata dariya a kai: ba ta taɓa shiga siton ba tare da sallama ba, kamar mai shiga ɗakin suruka. A lungun bayan kwalin kuma ta shimfiɗa wani tsohon zanenta na atamfa, ta hana kowa ɗagawa. Da ciwo ya ci ƙarfinta aka rabar da kajin, amma ta kama hannun Turai ta ce mata, ko babu tsako ko ɗaya, kada ta bar sito ba wuta da magariba. Yarinya ta riƙe maganar uwarta.

A shekarar ne wani sabon ƙwai ya fara shigowa kantunan Kaduna. Fari ne, siriri, kamar yatsu biyu a lanƙwashe. In an kunna shi ba ya kawo haske farat ɗaya, sai ya yi ta kumburo shi a hankali har ɗaki ya yi fari fat. Ba ya cin wuta, ba ya saurin mutuwa, kuma ko wuni ya yi a kunne sai ka kama shi da hannu bai ƙona ka ba. Wani abokin aikin Datti ya nuna masa, shi kuwa ya sayo ya canza na gidan kakaf. Da ya zo kan na sito, Turai ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Baba, Umma ta ce kada a taɓa wannan."

"Haske ta ce a bari, ga haske nan, ya ma fi wancan. Ki duba yadda ya babbake bakin kwalin, so kike gobara ta tashi?"

Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Allah sarki, mutumin nan ba ya iya kallon jan hasken ne. Duk magaribar da ya hango shi ta tagar sito, sai ya ga kamar Mero na sunkuye a ciki, zuciyarsa ta tsinke. Ya kwance jan ƙwan, ya ɗaura farin. Zanen da ke lungu ma ya ɗauke, ya kaɗe shi, ya kai hanci, ya ji har yanzu da sauran ƙamshinta. Ya ninke shi ya sa ƙarƙashin matashinsa, bai gaya wa kowa ba.

Wannan kuwa ana tsakiyar marka ne, lokacin da Kaduna ke kwana ta wuni cikin yayyafi, bango ya yi gumi, tabarma ta yi sanyi. Ba a jima ba aka fara jin kuka da magariba, siriri, kamar na jariri mai mura. Goggo Tani ta ce mage ce. Sai kukan ya daina. Bayan ya daina ne aka fara jifa.

Kullum rana ta faɗi sai dutse ya taso. Bai taɓa samun mutum ba, bai taɓa fasa taga ba, ko kwanon rufi bai taɓa bugawa ba. Ƙwai kawai yake nema. Amma tsoro ba ya barin mutum lissafi, ba wanda ya tsaya ya lura da haka. Goggo Tani ta ce, "Datti, mutanen ɓoye ne, kuma haske ne ba sa so. Kada ka bar musu lungu ko ɗaya." Maƙwabta ma haka suka ce. Shi kuwa ya ga ai ƙwan ba cin wuta yake ba, sai ya ƙaro. Ya sa a zaure, ya sa a bayan gida, ya sa biyu a bakin sito, ya ce kada a kashe dare da rana. Layinsu haɗe yake da na gidan ruwa, ba kasafai ake ɗauke musu wuta ba, in ma an ɗauke akwai fitila mai caji, ita ma fara, da yake girkewa a ƙofar siton. In an fasa ɗaya da magariba, kafin isha ya ɗaura wani. Rashin sani ya fi dare duhu, ga gida ya yi fari tas kamar asibiti, masu gidan kuwa ba su ga komai ba.

Daga nan abin ya koma kan Turai. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, ko bargo nawa aka lulluɓa mata. Da la'asar sakaliya sai ta tashi kamar mai tafiya cikin barci, ta je bakin sito ta zauna daga ciki, ta tanƙwashe hannuwa a ƙirji kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, tana kallon ƙofa ba ta fita. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Ta rame har wuyanta ya yi rami. Datti ya dube ta wata rana cikin farin hasken nan, ya ga fuskarta ta koma irin ta Mero a kwanakinta na ƙarshe, ya shiga ɗaki ya yi kuka kamar yaro. Mata ya binne bana, ga 'ya tana bin sawu.

Goggo Tani ce ta samo labarin Malam Labaran na Hayin Banki, wani dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Ya iso gab da magariba, ya ƙi zama a falo, ya ce a kai shi inda yarinyar take. Ya zauna a kan buzunsa a bakin sito, ya dubi fararen ƙwayayen da suka kewaye wurin, ya dubi tarin duwatsun da Goggo ta tara masa a kwano. Sa'an nan ya fara karatu, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Bai yi nisa ba Turai ta sandare. Kanta ya juyo, bakinta ya buɗe, amma muryar da ta fito ta babbar mace ce, dasasshiya, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ce, abin da kake karantawa na san shi."

"To in kin san shi, me ya kai ki jikin marainiya?"

"Ɗana suka kashe."

Goggo Tani ta saki salati. Datti ya dafa bango.

Muryar ta ci gaba, tana tsayawa tana jan numfashi. Ta ce ɗanta bakwaini ne, ba ya jure sanyi. Ta yi ta yawo da shi har ta sami wannan sito mai jan ƙwai, ta raɓa a lungu. Mero ba ta taɓa ganinta ba, amma ta lura ko ɓera ko jaɓa ba su ƙara taɓa mata tsako ba, ta kuma riƙa samun gurbin kwanciya mai ɗumi a bayan kwali. Ba ta kira malami ba, ba ta yi hayaƙi ba. Sai ta kawo zanenta ta shimfiɗa, ta fara yin sallama.

"Maƙwabtaka muka yi da ita, ta riƙe amana, na riƙe. Sai mijinta ya zo ya cire mai ɗumin, ya sa wannan mai kama da ƙanƙara, ya kwashe zanen. Na rungume yaro a ƙarƙashin haske, hasken ba ɗumi. A hannuna ya cika."

"Allah Ya jiƙansa," in ji Malam Labaran. "To jifan fa?"

"Mu a duhun magariba muke fitar da matattunmu, gawarmu ba ta ratsa haske. Jan ƙwai yana barin inuwa a lungu, wannan ya cinye ta duka. Ina fasawa don in sami hanya, yana ƙarowa. Ina nan da gawar ɗana a cinya tun ranar, Malam. Ban binne shi ba."

Datti ya sulale ya durƙusa a kan simintin da ke jiƙe.

"Ɗa na rasa, 'ya zan ɗauka," in ji muryar.

Malam bai ɗaga murya ba. "Shi bai sani ba ya yi, ke kina sane za ki yi. Kuma ki duba jikin da kike ciki. 'Yar wa ce? Wa ya riƙa kunna miki ƙwan bayan uwarta ta kwanta dama? Da wannan za ki saka wa Mero?"

Hawaye suka zubo daga idanun Turai, ba kuma nata ba ne. Da muryar ta dawo, ta yi laushi.

"A kashe hasken duka, a buɗe mini ƙofar baya, ko ashana kada a ƙyasta sai an kira isha. A kuma ba ni zanen, ba ni da likkafani."

Datti ya ɗago kai. Zanen nan shi kaɗai ya rage masa mai ƙamshinta, sauran kayanta duk an raba. Ya dubi Turai, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da shi a ninke, ya ajiye a bakin sito da hannu biyu.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Ranar da aka fitar da Mero ina bayan ƙofar nan, na yi kuka tare da ku. Ni ba wanda ya ce mini ya haƙuri."

Datti ya sake durƙusawa, ya fuskanci 'yarsa.

"Baiwar Allah, ya muka ji da haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ne. Ki yafe mini, wallahi ban sani ba."

"Haƙuri da godiya," in ji ta. "Na yafe, don Mero."

Ladan ya kira magariba. Datti ya zare sakatar ƙofar baya, ya je wajen mita ya sauke babban makunni. Fararen ƙwayayen ba su mutu nan take ba, sai da suka yi ta dusashewa a hankali, sa'an nan duhu ya sauko tsakar gidan, karo na farko tun da aka fara jifa. Ba wanda ya motsa. Can sai suka ji taku, a hankali, irin na mai ɗauke da kaya a hannu biyu. Ya fito daga sito, ya bi ta gabansu, wani sanyi ya shafe su tare da ƙamshin Mero. Ƙofar baya ta yi ƙara, takun ya yi nisa har ya ɓace.

Turai ta yi atishawa.

"Baba? Me ya sa aka kashe wuta? Yunwa nake ji."

Ya lalubo ta cikin duhu ya riƙe hannunta, ya ji ya fara ɗumi. Haka suka zauna har aka kira isha. Da aka kunna fitila, babu zane a bakin sito.

Turai ta warke, ta koma makaranta, ba a ƙara jifa ba. Fararen ƙwayaye suna nan a falo da ɗakuna, don ba su da laifi, aikin da aka yi su dominsa suke yi. Amma washegari Datti ya lalubo tsohon jan ƙwan ya mayar sito. Malam Labaran ya gaya masa aljanar ba ta dawowa, irinsu in sun tafi da gawa sun tafi ke nan. Ya ce ya sani.

Duk da haka kullum rana ta faɗi shi da kansa yake zuwa ya kunna. Turai takan hango shi daga bakin famfo, ya tsaya a ƙofar sito cikin jan haske, ya yi sallama, ya ɗan saurara. Ba mai amsawa. Sai ya ja ƙofar a hankali, ya bar ɗumin yana cika lungun da babu kowa, ya ɗauki buta ya tafi alwala.