Gidan da Ya Rage a Kwamfuta

Da magariba aka fara jifan. Mai-duwatsu, kamar yadda maƙwabta ke tsokanarsa, yana zaune a falo da kwamfuta bisa cinya, yana jujjuya hoton wani baƙin dutse. Aikinsa ke nan a ma'ajiyar duwatsu ta jami'a: ya ɗauki hoton dutse ta kowace fuska, ya ba shi lamba, ya adana, kafin masu bincike su yanka shi. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Ya leƙa waje, babu kowa.

Haka aka yi ta yi kullum in rana ta faɗi. Ƙofa ta riƙa ƙin buɗuwa, mabuɗi na juyawa a banza. Sannan Auta, 'yarsu mai surutu kamar rediyo, ta yi tsit. Ta daina cin abinci, ta zauna tana fuskantar bango. Uwarta ta yi kuka har murya ta dishe.

Suka kira malami mai ruƙiyya. Yana cikin karatu Auta ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"A mayar mini da gidana."

"Ina gidan naka?" in ji malam.

"Baƙin dutsen nan. Tambayi ubanta."

Mai-duwatsu ya ce, "Malam, wallahi an yanka shi, sauran an niƙa. Hotonsa kaɗai ya rage."

"Nuna mini," in ji muryar.

Ya buɗe kwamfutar. Dutsen ya bayyana yana juyawa a hankali, da tsagunsa da ramukansa duka. Auta ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba.

"Ga ƙofata can. Zan shiga. Amma ranar da hasken kwamfutar nan ya mutu, wurin yarinyar zan dawo."

Malam ya yi ta ja da aljanin, amma aljanin ya ƙi sassautawa. Can Auta ta yi atishawa, ta dubi uwarta. "Umma, yunwa nake ji."

Auta ta warke sarai, ta koma makaranta. Ubanta ne bai ƙara zuwa ko'ina ba. Yana nan a falo kusa da soket, batura jere a gefensa, yana sauraron ƙugin firji don ya san ko an ɗauke wuta. Ko jana'izar yayansa bai je ba.