Hasken da Ya Shiga Kogo

Abokan aikinsa na ceto Ɓera suke kiransa, don babu ramin da ba ya shiga. Duk inda ƙasa ta rufta wa masu haƙar ma'adinai, shi ake ɗaura wa igiya a zura, da fitilarsa mai caji a goshi, haskenta kamar tsakar rana.

Ran nan da magariba ya dawo daga wani tsohon kogo, inda ya fito da mutum da rai. Ya jona fitilar a caji, ya zauna yana cire takalmi. Sai ta kunna kanta. Ya kashe, ta sake kamawa. Can sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa waje, ba kowa.

"Baban Auta," in ji matarsa, "zo ka ga yarinyar nan."

Auta, ƙaramarsu, tana ƙarƙashin gado, ta toshe idanu da hannu biyu. Daga ranar ko ashana aka ƙyasta sai ta ƙwalla ihu. A asibiti aka ce idonta lafiya lau. Gida ya koma duhu, kowa sai lalube.

Aka ɗauko wani malami masanin ruƙiyya. Bai yi nisa da karatu ba sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Mutumin nan ya haske mana ɗaki a cikin kogo. Jikana yana barci, ya buɗe ido cikin wutar nan. Har yau bai ƙara gani ba."

"Rai na je ceto!" in ji Ɓera. "Wallahi ban san da ku ba."

"Mu ma rai ne."

"Ki ji tsoron Allah," in ji malam. "Yarinya ba ta yi miki komai ba."

"Zan fita. Amma kada ya sake sauka ƙarƙashin ƙasa. Ran da ya sauka zan dawo, kuma da idonta zan tafi."

Malam ya ƙi, ya ɗaga karatu. Jikin Auta ya sandare, numfashinta ya fara tsinkewa.

"Allah gafarta Malam, tsaya haka," in ji Ɓera. "Na yarda."

Yarinya ta yi atishawa, ta dube su. "Baba, me ya sa kuke zaune a duhu?"

Da ruwan sama ya yi yawa, wani rami ya rufta wa masu haƙa. Shugaban masu ceto ya zo da kansa.

"Ɓera, ana jin muryoyinsu. Hanyar ta matse, kai kaɗai za ka iya wucewa."

Auta na tsakar gida tana wasa. Ɓera ya daɗe yana kallonta.

"Oga, ba zan iya ba."

Kafin a faɗaɗa hanyar, muryoyin sun yi shiru.

Washegari wata mata ta tsaya a ƙofarsa da goyo, idanunta sun kumbura. Ba ta yi sallama ba.

"Kai ne wanda ya ƙi zuwa?"

"Ni ne," in ji shi.