Larurar Bintu a Gidan Ya Aisa

Jarkar ruwa ta uku ke nan Bintu ta kinkimo daga bakin famfon unguwar Demsawo, tana shigowa zaure tari ya sarƙe ta, nan take ta ji ɗumi ya bi cinyarta ya jiƙa zanen. Ta tsaya cak, jarkar a ka, idonta ya ciko. A tsakar gida kuwa Ya Aisa, yayar marigayi mijinta, tana zaune da mata biyu da suka zo sayen turaren wuta, duk suka zuba mata ido.

"Kun gani ko?" in ji Ya Aisa, tana toshe hanci da gefen lafayarta. "Abin da nake fama da shi ke nan. Ki wuce bayan gida, kada ki kusanci kayan turarena."

Bintu ta sauke jarkar ta wuce, alhali ita ce ke jiƙa itacen turaren, ita ke haɗa humrar da ake yabon Ya Aisa da ita a Jimeta. Da tsohon ciki Bintu ta baro Bama ranar da mahara suka kashe mijinta Mele a ƙofar shagonsa. A hanya ta haifi Yusrah, ƙarƙashin wata bishiya, tsofaffi biyu suka karɓi haihuwar, gari na wayewa ta ci gaba da tafiya da jaririya a hannu. Tun daga lokacin, in ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga abu mai nauyi, fitsari sai ya kufce mata. A Yola ba ta da kowa sai dangin Mele, su ma Ya Aisa kaɗai ta sani. Da ta sauka a gidanta, ɗebo ruwa, daka, wanki, duk suka koma kanta, larurar kuma kullum gaba take yi. Ta rage shan ruwa har leɓenta ya bushe, ta daina zuwa suna da biki, dariya ma tsoronta take ji.

Da a nan abin ya tsaya da ta jure. Sai Ya Aisa ta fara raɗa wa masu sayen turare cewa ba haihuwa ta jawo wannan ba, wai Bintu ta zauna a hannun mutanen daji, wato maharan nan, alhakin abin da ta aikata ne ke bin ta. Magana ta zaga unguwa. Waɗanda ke gaishe ta jiya suka koma kau da kai. Daga ƙarshe Ya Aisa ta ɗauke Yusrah ta mayar ɗakinta, ta ce 'yar ƙaninta ba za ta tashi cikin najasa ba. Yarinyar tana miƙo hannu tana kiran uwarta, Bintu ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka.

"Ya Aisa, ki dubi Allah... ita kaɗai ta rage mini."

Aka rufo ƙofa. Bintu ta ɗaga hannu sama, ta ce, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ka fitar da ni."

Wata rana a bakin famfo, maƙwabciyarsu Rebeka, 'yar Numan mai aiki a sashen motsa jiki na wani asibiti, ta lura da yadda Bintu ke matse ƙafafu kafin ta ɗauki jarka. Ta riƙo hannunta a hankali.

"Maman Yusrah, tun yaushe ne?"

Bintu ta so ta musa, hawaye suka riga ta. Washegari Rebeka ta kai ta asibiti, likita mace ta duba ta, ta tabbatar mafitsararta ba ta huje ba. Sannan Rebeka ta zaunar da ita, ta haɗa tafukan hannunta kamar mai tarar ruwa.

"Akwai tsoka a ƙasan mara, haka take tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji. Haihuwa tana buɗa ta, ke kuma ba ki huta ba, kika bi ta da doguwar tafiya da ɗaukar kaya. Gajiya ta yi, ba laifin kowa ba ne. Ki matse ta ciki kamar mai riƙe tusa da fitsari, ki ja ta sama, ki ɗan riƙe, sannan ki sake ta gaba ɗaya. Ban da riƙe numfashi, ban da matse cinya, kuma kada ki yi lokacin da kike fitsari. Safe, rana, yamma. In tari zai zo, ki riga shi matsewa. Ki koma shan ruwanki, ki ci ganye don kada ki yi yunƙuri a bayan gida. Sai an yi watanni, amma za ki ga sauƙi."

"Anti, ke nan ba azaba ba ce?"

"Azabar me? Mata nawa ne a layin nan da ita, kunya ce kawai ta rufe musu baki."

Bintu ta riƙe abin da gaske. Tana tankaɗe tana yi, tana zaune bayan salla tana yi. Makonnin farko ba ta ga komai ba, har ta kusa fid da rai. Kafin damina ta ƙare sai ta yi atishawa wata safiya, ta tsaya tana jira... zanenta a bushe. Ta faɗi ta yi sujada a nan tsakar gida.

Ana haka Ya Aisa ta kira Baffa Abba, ƙanin mahaifinsu ita da Mele, malamin allo a unguwar Alkalawa, don ya yanke hukunci a bar mata Yusrah, Bintu ta nemi wajen zama. Ya Aisa ta maimaita ƙazafin a gabansa da gaban maƙwabta. Wannan karon Bintu ta ɗago kai. Ta faɗi yadda ta haihu a hanya, da aikin da ake ɗora mata, da abin da likita ta ce, Rebeka na tsaye ta gaskata ta. Sai wata dattijuwa mai suna Sabuwa ta gyara murya ta ce ita ma haka take fama tun haihuwarta ta shida, kuma ba ta taɓa taka daji ba.

Baffa Abba ya juya ga Ya Aisa. "Wa ya gan ta a hannun mutanen daji? Kawo mini mutum ɗaya."

Ya Aisa ta sunkuyar da kai.

"Matar ƙaninki ce, ta ga gawarsa da idonta, kika saka mata da wannan. Ki ji tsoron Allah, Aisa." Ya ɗauki Yusrah da kansa ya ɗora a cinyar uwarta, ya ce su haɗa kayansu, akwai ɗaki a gidansa.

Bayan tafiyar Bintu, humrar Ya Aisa ta rasa ƙamshinta, matan da suka ji ƙaryar da ta shirya suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit. A Alkalawa kuwa ɗakin Bintu ba ya rabuwa da mata. Wasu turare ke kawo su, wasu kuma sai sun gama ciniki su rage murya su ce akwai wata magana. Takan ja su ciki ta koya musu abin da aka koya mata, wadda larurarta ta yi tsanani ta tura ta wajen Rebeka. Ranar da Yusrah ta fara zuwa makaranta, Bintu ce ta ɗauke ta cak ta saɓa a kafaɗa, suka fita suna ƙyalƙyala dariya har bakin titi.