Dokar Zaman Asabar

A shafi na biyu muryar Auta ta karye.

"Ci gaba mana, Auta!" wani ya ce daga bayan kantar ƙamus.

Ta sake duban takardar. Layin yana nan inda yake: wani mutum zaune a gefen gadon asibiti, hannunsa na hagu riƙe da na matarsa, na dama yana juya shafi. Sai da ya kai ƙarshen babi ya lura hannun ya yi sanyi.

Ta ɗago ido ta dubi Babanta.

Yana kan kujerarsa ta kullum, tabarau a kan hanci, fuskarsa ba ta ce komai ba. Sai dai ya ɗora kofin shayinsa a kan littafi, laifin da ya sha korar mutane daga shagon a kansa.

Duk Asabar da yamma ake ture kantoci a bayan shagon littattafan Baba, a jera kujeru, marubutan gari su taru. Dokokin zaman biyu ne, Baba ya kafa su tun Auta tana rarrafe tsakanin kwalaye. Ta farko, kowa ya jefa rubutunsa a kwali ba suna, Auta ce mai karantawa. Ta biyu, mai rubutu ba ya magana. Ko an yabe shi, ko an yi masa kaca-kaca, bakinsa a rufe har a tashi. Wanda ya karya ba ya sake zama. Baba yakan ce marubuta sun fi lauyoyi iya kare ƙarya, gara a ɗaure musu baki.

Labarin hannun nan kuwa mutum uku suka san shi. Baba, wanda ya aikata ranar da mahaifiyar Auta ta rasu. Auta, wadda ta shigo ɗakin ta tarar. Sai Dogo, malamin makaranta mai neman aurenta, wanda ta gaya wa tana kuka, bayan ya rantse maganar ta mutu a kunnensa.

Ta nemo shi da ido. Yana layin gaba, kansa a ƙasa.

Tashi! ta ce a ranta. Tashi ka ce a bari, don Allah...

Bai tashi ba.

"Ƙarasa," in ji Baba. "Ba a barin labari a tsaka."

Ta ƙarasa. Ba ta san da wace murya ba.

"Kai! Wannan shi ne rubutu!" in ji tsohon mawaƙin da bai taɓa yabon kowa ba sai matattu.

"Amma mijin nan dabba ne," wata mai rubuta wasan rediyo ta ce.

"Ba dabba ba ne, mai karatu ne."

Aka kwashe da dariya. Mai Inji, wanda maɗaba'arsa ke buga littattafan rabin mutanen ɗakin, wanda kuma Auta ta ƙi tayinsa bara, ya fi kowa dariya. Amma ba shi take kallo ba. Lokacin da mawaƙin ya ce bana ba a karanta kamarsa ba, ta ga gefen bakin Dogo ya motsa. Ɗan kaɗan. Ya yi saurin mayar da shi.

Baba ne ke rufe sharhi. Ya cire tabarau ya goge.

"Sakin layi na uku ya yi tsawo," ya ce. "Kuma marubucin ya yi wa mijin sassauci. Babi biyu ya karanta, ba ɗaya ba."

Dariyar ta mutu a bakin kowa.

"An tashi," in ji Baba.

A ɗakin ajiya Dogo ya same ta, tana jera littattafan da ta riga ta jera.

"Autata..."

"Kada ka kira ni haka!"

"Wallahi ba ni na jefa shi a kwali ba! Don kaina na rubuta. Wani labari daban na kai wa Mai Inji a na'ura ya buga mini, ashe ya buɗe sauran rubuce-rubucena. Shi ya buga wannan, shi ya jefa. Ki yarda da ni, hasken idona!"

"Na yarda."

Ya saki numfashi.

"Na san halinsa, zai yi abin da ya fi haka. Amma shi ya rubuta?"

Dogo ya kau da kai.

"Kana jin layin farko ka gane. Me ya hana ka tashi?"

"Doka, Auta... Kin san doka. In na yi magana, Baba ba zai sake bari in zauna ba."

"Doka!" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Ana tsiraita uwata da ubana da bakina, kai kana tsaron kujera!"

"Na ruɗe ne..."

"Ka yi murmushi."

"Ni?"

"Da aka yabe ka. Na gani."

Bai musa ba. Dogo yana da wannan, ba ya ƙarya sai a takarda.

A gida Gwaggo, ƙanwar Baba, ta samu abin da ta daɗe tana nema.

"Ban faɗa muku ba? Marubuci! Mutumin da in kika yi tari zai sa a labari! Ga yaron kirki mai injinsa, mai motarsa, kin ce ba ya karatu. To ga mai karatun nan, ki jiƙa ki sha!"

"Gwaggo, shi ya jefa takardar..."

"To? Ai taimakonki ya yi!"

Sai da Gwaggo ta fita Auta ta durƙusa gaban Baba.

"Ka yafe mini, Baba. Ni na gaya masa."

"Ba ki yi ƙarya ba."

"Baba... har yanzu ina son sa."

Ya daɗe yana kallon bango, inda hoton mahaifiyarta yake.

"Ban hana ki ba," ya ce. "Yaron ya iya rubutu. Shi ne abin tsoron. Uwarki ta auri mutumin da littafi ya fi ta a wurinsa, kin ga yadda ta tafi. Na san irinmu, Auta. Muna son mutum da gaske, amma in an zo zaɓi, hannun dama yake cinyewa."

"Shi ba haka yake ba!"

"To ki tambaye shi abu ɗaya."

Ta tambaye shi washegari, a bakin shago, motoci na wucewa.

"Ka goge shi. Na takarda ka ƙone, na cikin na'ura ka goge, a gabana. Shi ke nan, ka turo manyanka."

"Zan canza komai, masoyiyata! Asibitin zai zama gida, mijin zai zama..."

"Ka goge shi."

"Ba wanda zai gane!"

"Ni zan gane. Baba zai gane."

Ya dafe kansa. Idanunsa sun cika da hawaye, na gaskiya, ba na littafi ba.

"Auta... ban taɓa rubuta abu mai kyau ba sai shi. Shekaru ina zuwa zaman nan ana cewa ba laifi, ba laifi. Kin san zafin ba laifi? Ki ba ni lokaci in yi tunani..."

"Ka yi tunanin," ta ce a hankali. "Ka ma gama."

Ta shiga ciki. Bai biyo ta ba. Ta tsaya a bayan ƙofa tana jira ya biyo ta, har mai gyaran takalmi na gefe ya leƙo ya ce ya daɗe da tafiya.

Mai Inji bai bari maganar ta huce ba. Ya zo da turare mai hawa kai, ya jingina da kanta.

"Ni dai ba na rubutu, Auta. Sirrinki a wurina lafiya lau."

"Gaskiya ne. Kai na wasu kake bugawa."

Bai sake dawowa ba. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarta.

Zaman Asabar ma bai sake haɗuwa ba. Baba bai ce ya soke ba, kujerun ne kawai ba a ƙara fito da su ba. Kwalin rubutun ya koma wurin zuba rasit. Baba ya daina karatu a shago, sai ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon titi kamar mai jiran wata.

Bayan shekara aka kawo kwalin sababbin littattafai. Auta ta yanke igiya ta buɗe. Sunan Dogo ne a bango. A ciki, da ƙananan haruffa, sunan maɗaba'ar Mai Inji. Ciniki ba ya gaba da kowa.

Ta karanta shi a tsaye. Ya gyara sakin layi na uku. Ya mayar da babi ɗayan ya zama biyu. Ya kuma ƙara wata yarinya mai murya, da wani dogon saurayi da ya miƙe tsakiyar taro ya fizge takardar daga hannunta.

"In mayar musu, Baba?"

"Sa shi a gilashin gaba. Littafi mai kyau ba a ɓoye shi."

Ta sa shi.

Da yamma wata 'yar makaranta ta shigo, ta ɗauka, ta juya bayansa.

"Anti, kin karanta?"

"Na karanta."

"Ni fa ba na son mai ƙarshen kuka. Don Allah gaya mini, sun yi aure?"

Auta ta karɓi littafin ta sa mata a leda.

"A littafin, sun yi."