Faifan da Nomau Ya Kulle

Ranar Asabar da hantsi Nomau mai kyamara ya faɗo komisariyar 'yan sanda ta Gidan Rumji ko sallama babu, hularsa a hannu.

Sufeto Ɗanasabe na zaune cikin tulin takardu. Lokacin riƙon ƙwarya ne, sojoji sun yi alkawarin miƙa mulki, saura mako biyu a kaɗa ƙuri'a kan sabon tsarin mulki, kullum daga Maraɗi ana tambayar 'yan sanda nawa za a ajiye a kowace rumfar zaɓe. Shekara ashirin yana wannan aiki, kuma abin da ya fi riƙewa a ciki shi ne mai kawo ƙara ma yakan yi ƙarya.

"Shef, an kashe ni!"

"Ga ka tsaye. Zamna. Mi anka ɗauka?"

"Faifai."

Sufeto ya ajiye biro. A garin da ake satar shanu da babura, yau kuma faifai.

Nomau ya yi bayani yana haki. Shi ke ɗaukar hoton biki da suna a garin. Shekara biyu ya yi yana haɗa fim guda da 'yan wasan gari. Jarumin fim ɗin, Isaka, ya rasu a hatsarin mota farkon damina, mako ɗaya bayan sun gama ɗauka. Duk abin da ya rage na motsin Isaka da muryarsa a duniya yana cikin faifan nan, kuma faifan guda ɗaya ne.

"Guda? Ba ka aje wani ba?"

"A kulle yake, Shef. Wani gwani a Maraɗi ya yi mishi kulli. Kowace na'ura tana nuna shi, amma in ka ce za ka kwafa sai ya cije. Wata mai zuwa za mu kai a buɗe a buga da yawa."

"Wanda ke cikin ordinatar gwanin fa, kwamfutar da ya yi kullin da ita?"

"Ni na tsaya kanshi sai da ya goge. Ka san 'yan kwafi."

"Kaset-kaset ɗin kyamara fa?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Na ɗora bukukuwa bisansu."

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya ga masu tsoron ɓarawo iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda tsoro ya sa ya taya ɓarawo aiki haka ba. Ya ɗauki hularsa suka fita.

Shagon Nomau ɗan ɗaki ne kusa da tasha. Kyamara na nan a rataye, tele na nan, har kwalin faifan na nan cikin aljihun tebur, fanko. Sufeto ya juya kwaɗon ƙofar a tafin hannunsa. Ko ƙwarzane babu.

"Yaushe ka gan shi ƙarshe?"

"Jiya kahin in tahi masallacin Juma'a. Yau na buɗe kwali, wayam."

"Makulli nawa gare shi?"

"Biyu. Ga nawa. Gudan na hannun marigayi, tun ranar hatsari ba a gan shi ba."

"Akwai wanda ya taɓa roƙonka kwafi?"

"Babu," in ji Nomau da sauri, yana kallon bango. "Shef, kar ka wahal da kanka. Sharifu ne. Duk fim ɗin da ya shigo garin nan, kahin mai shi ya sha ruwa Sharifu ya buga ɗari."

Sufeto ya lura da saurin amsar, ya ajiye ta a ransa.

Rumfar Sharifu tana tsakiyar kasuwa, ba a ɓata wajen nemanta, kunne ke kai mutum. Lasifika biyu na zuba waƙar kira ga zaɓe, na'urar kwafi na ta aman faifai a bayan kanta. Sharifu ya taso da fara'a mai yawa.

"Shef da kanshi! A kawo lemu?"

"Faifan Nomau nake nema."

"Wallahi ban taɓa sa shi a ido ba. Ni yanzu aikin zaɓe ya sha mini kai."

Sufeto ya ɗaga kai. A bakin rumfar an rataye faifai da zare, irin waɗanda suka lalace wajen kwafi, ana barinsu su riƙa walƙiya don jan ido. Yawancinsu rana ta dafa su har sun yi ja. Uku a ƙarshen layi sababbi ne ful.

"Tsinko mini waɗancan."

"Shara ce, Shef."

"To, sa mini sharar in gani."

Mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Sharifu ya sa na farko a na'ura. Ƙarar lasifika ta hana a ji komai, amma hoto ya fito sarai: ga kasuwar dabbobin garin, ga sunan Nomau da manyan baƙaƙe. Sufeto ya sa aka tura gaba. A minti na goma sha ɗaya, an nuna labulen wani ɗaki, sai hoto ya ƙame. Na biyu haka, na uku haka, duk a wuri guda.

"Ba ka taɓa sa shi a ido ba."

Sharifu ya zauna a kan benci. "Kawo mini anka yi jiya bayan Juma'a. Sau huɗu ina gwadawa yana cijewa. Ni ban san wani kulli ba. Na ce ma mai shi ƙila datti ne, ya je ya wanke ya dawo."

"Wa ya kawo?"

"Wani baƙo ne. Daga wajen Cadakori, ina ji."

"Sau huɗu ka ce. Ga uku. Ina na huɗun?"

"Shi ya tahi da shi. Har roƙona ya yi."

Sufeto ya juya maganar a ransa. Ɗan kasuwa ba ya roƙon fim mai minti goma sha ɗaya, don ba wanda zai saya. Wanda ya roƙi wannan ba ciniki ya kawo shi ba.

"Sharifu, baƙon nan naka, in na rufe rumfar nan har bayan zaɓe, za ka tuna sunanshi?"

Sharifu ya dubi na'urarsa, ya dubi tulin faifan da ke jiran masu su. "Mudi ne. Ƙanen marigayi. Don Allah kar ka ce ni na faɗa."

Mudi ɗan kabu-kabu ne, yana tsayawa gindin dalbejiya a bakin kwalta. Dogo ne marar yawan magana. Da ya hango kaki sai ya shiga goge madubin babur da ba shi da datti.

"Ina kake jiya lokacin Juma'a?"

"Cadakori. Na kai wata mata da buhun wake."

"Can ka yi salla?"

"Can."

"Makullin shagon Nomau da ke hannun wanka, ina yake?"

"Ya ɓace wurin hatsari."

"To. Kai ni tasha."

Sufeto ya hau baya. Mudi ya murɗa makulli, sai 'yan makullan da ke zoben suka yi ƙara. Uku ne: na babur, wani babba na ɗaki, da wani ƙarami da ya ɗan lanƙwashe. A ƙofar shagon Nomau Sufeto ya miƙa hannu ta kafaɗarsa ya zare zoben. Ya karɓi kwaɗon daga hannun Nomau, ya datse, ya zura ƙaramin makullin. Kwaɗo ya buɗe ba gardama.

Nomau ya zabura. "Kai, Mudi? Kai da nake ɗauka ƙanena?"

"Ƙanenka?" Muryar Mudi ta fashe. "Sau nawa na zo nan? Sau uku, Nomau! Na ce Inna ba ta da lahiya, ta ce tana son ta ga Isaka ko a tele ne kahin ta bi shi. Na ce ka yi muna kwafi guda mu aje gida. Ka ce a kulle yake. Na ce to ara mini na wuni guda. Ka ce sai an buga. Na ce kawo da kanka ka nuna mata ka koma da abinka. Ka ce mata za su cika gida su kwashe labari, kasuwa ta mutu."

Sufeto ya juya ga Nomau. "Ɗazu ka ce mini ba wanda ya taɓa roƙonka."

Sannan ya koma ga Mudi.

"Ina faifan yake?" in ji Sufeto.

"Gida," Mudi ya ce, a hankali ƙwarai. Yadda ya faɗe ta bai yi wa Sufeto daɗi ba.

Su uku suka taka zuwa gidan, a bayan makarantar boko. Gida ne na ƙasa, an jingine damman gero na bana a jikin rumbu. Inna Delu, uwar Isaka da Mudi, tana kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame har zoben hannunta na yawo. Ta yunƙura ta zauna da ta ga baƙi.

"Nomau ne? Ka tuna da mu yau. Wanga fa?"

"Abokin aiki ne, Inna," in ji Mudi.

Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta, bai gyara maganar ba.

Mudi ya shiga ɗakinsa ya fito da wani abu naɗe cikin tsumma. A zaure ya buɗe, inda uwar ba za ta gani ba.

Nomau ya karɓa ya juya cikin faifan ga haske. Babu sauran walƙiya. Ya yi fari fat, zane a kan zane, kamar gindin tukunya.

"Mi ka yi mishi?"

"Sharifu ya ce datti ne. Na wanke da sabulu na sa a na'ura, ya nuna lahiya lau. Dare ne, Inna ta yi barci, na bar nuna mata sai da sahe. Na ce to bari in ƙara don ya kwafu. Na sa toka da soso." Mudi ya nuna faifan da yatsa. "Da na ga ya dushe na ƙara dirzawa, ina cewa tokar ce ba ta hita ba. Yanzu ko sunanka ba ya nunawa."

"Ba datti ba ne!" Nomau ya yi ƙara, sannan ya tuna da tsohuwa ya sassauta. "Kulli ne. Ni na sa a yi shi haka."

"Ka ce a kulle yake. Ba ka ce mini haka kullin yake ba."

Garin neman gira an rasa ido. Sufeto ya ji haushin su biyun, ya kuma ji tausayinsu, bai san wanne ya fi yawa ba. Nomau ya jingina da bangon zaure yana riƙe da shekarunsa biyu a hannu ɗaya.

"Ni na buɗe shagon, Shef," in ji Mudi. "Ni na ɗauka, ni na ɓata. Niyyata in kwafa in maido kahin ya lura. Ba na musu."

"Za ka maimaita wannan a buro, can komisariya. Ina na huɗun da ka amso wurin Sharifu?"

Mudi ya zaro shi daga aljihun riga. "Ban nuna mata ba. Ina jira in samu cikakke." Ya dubi Sufeto. "Ka bar ni in sa mata kahin mu tahi. Minti goma sha ɗaya ne."

Doka ba ta tanadi wannan ba, ba ta kuma hana ba. Sufeto ya duba agogo. "Sa."

Aka fito da tele da na'urar da Mudi ya aro wurin maƙwabci, aka ja waya daga ɗaki. Inna Delu ta gyara zama, ta ja mayafi, ta matso har gwiwarta na taɓa teburin.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

Kasuwar dabbobi ta wuce. Wasu mata biyu suka yi faɗa a bakin rijiya. Wani tsoho ya yi dogon jawabi a kan gona. Inna Delu ba ta kula da ko ɗaya ba, idonta na bin gefen hoton, tana neman ta inda zai ɓullo. Sufeto ya ga Nomau ya runtse ido, sai ya gane Nomau ya san abin da ke tafe.

Aka nuno labulen ɗaki. Daga bayansa wata murya ta tashi, sakakkiya, mai dariya a ciki.

"Salamu alaikum, masu gida!"

"Wa alaikumus salam," in ji Inna Delu da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. "Shigo mana, Isaka."

Yatsu huɗu suka kama bakin labulen. Nan hoto ya ƙame.

Ta jira. Ta san ɗanta ya rasu, a gabanta aka fita da shi. Amma ta jira.

"Ya tsaya," ta ce. "Nomau, kai ka san kan abin nan. Tura shi gaba."

Nomau ya durƙusa a gaban na'urar. Ya danna, ya sake dannawa, ko da yake ya fi kowa sanin ba abin da zai fito. Hawaye na zuba a kan hannunsa.

"Iyakarshi ke nan, Inna."

"Sauran fa?"



Sufeto ya taɓa kafaɗar Mudi. Bai fito da ankwa ba. Mudi ya tashi, ya ce wa uwar zai raka baƙo ya dawo, ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwayo ba.

Suna cikin zaure suka ji muryarta.

"To, maido shi baya, Nomau. In sake amsa mishi."

Mudi ya tsaya cak. Sufeto ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya riƙe hannunsa suka fita zuwa komisariya.